Ranar da kwamfutar ƙanwata ta ƙi karɓar sabon ram

Ƙanwata tana shekarar ƙarshe a jami'a, kuma laftof ɗin da take aikin bincikenta na kammala karatu da shi na hannu ne, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai bayan ofisoshin can sun gama cin moriyarsu. Furosesar kwamfutar, wato ƙwaƙwalwar da ke yi mata lissafi, Core i5 ce zubi na huɗu, ram ɗinta kuwa gig 4 ne kacal. Muddin rubutu kaɗai take yi ba ta da matsala, amma da zarar ta buɗe manhajar lissafin alƙaluma, ta haɗa da shafukan intanet biyar ko shida, sai kwamfutar ta yi nauyi har aikin rabin awa ya koma na awa biyu. Da ta kawo mini kuka na duba, na ga akwai gurbin ram na biyu wanda babu komai a cikinsa, sai na shiga kasuwa na sayo mata na gig 8, ina ganin aikin minti goma ne. Kwana uku ya ci mana, kuma matsala uku daban-daban muka tarar, kowacce a ɓoye bayan 'yar'uwarta.

Ga wanda bai saba da cikin kwamfuta ba, faifan ajiya shi ne rumbu, inda takardu da hotuna da manhajoji suke kwance ko an kunna ko an kashe. Ram kuwa ƙwarya ce da ake ɗebo hatsin da za a sarrafa yanzu. Idan ƙwaryar ƙarama ce, dole a yi ta zarya tsakanin rumbu da bakin turmi, kuma wannan zaryar ita ce nauyin da ƙanwata take kuka da shi.

Kafin na buɗe bayan kwamfutar na kashe ta gaba ɗaya, na zare caja, na cire batir, sannan na danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci domin sauran wutar da ta maƙale ta fita. Lokacin hunturu ne, kuma duk wanda ya taɓa jin tartsatsi a yatsansa sa'ad da ya kama ƙofar mota ko ya cire rigar sanyi ya san irin wutar da jiki ke tarawa idan iska ta bushe. Wannan 'yar wutar ta isa ta lalata ƙwayoyin ram ba tare da an ga alamar komai ba, saboda haka na taɓa ƙarfen taga tukuna, na kuma riƙe silin ram ɗin ta gefe da gefe, ban bari yatsana ya sauka a kan haƙoransa masu ruwan zinariya ba. Na zura shi, na mayar da murfi, na kunna.

Fanka ta tashi, fitilar wuta ta kama, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin. Can sai 'yar fitilar maɓallin Caps Lock ta fara kiftawa sau uku, ta tsaya, ta sake uku. Ƙanwata, wadda ke tsaye a kaina, ta ce: “Yaya, ba dai ta mutu ba? Duk aikina fa yana ciki.” Na kwantar mata da hankali cewa ram ba ya riƙe takardar kowa, aikinta yana nan a rumbu babu abin da ya taɓa shi. Wannan kiftawar kuma magana ce kwamfutar take yi. Tun da ba ta iya rubuta komai a allo kafin ta sami ram ɗin da za ta yi aiki da shi, sai ta koma yin ishara da fitila, ko da ƙarar ɗif-ɗif a wasu kwamfutocin tebur. Kowane kamfani da irin lissafinsa, kuma a littafin wannan samfurin kiftawa uku tana nufin ram.

A daidai wannan gaɓar ce mutane da yawa suke asarar kuɗi, kuma shi ya sa na ga ya kamata in rubuta wannan. Mutum ya ga baƙin allo, gabansa ya faɗi, ya ruga wurin gyara, idan bai dace da mai haƙuri ba a ce masa bod ne ya tafi, wato babban faifan da komai ke zaune a kansa. Daga nan sai maganar sayen wani bod ɗin, ko sayar da kwamfutar a farashin gawa. Ɗalibin da iyayensa suka yi da gaske kafin su haɗa masa kuɗin kwamfutar hannu ba shi da halin wannan. Alhali hanyar gano gaskiya ba ta buƙatar kayan aiki ko kaɗan: a canza abu ɗaya tak, a kunna, a ga abin da ya faru, sannan a canza na gaba. Na cire sabon na bar tsohon a inda yake, kwamfuta ta tashi lafiya lau, wanda ya tabbatar mini bod yana da rai. Na cire tsohon na sa sabon shi kaɗai a gurbin farko, wanda na san yana aiki, sai baƙin allo da kiftawa uku suka dawo. Laifin yana jikin sabon ram ɗin ke nan. Akwai gwaji na uku da ya kamata in yi a lokacin, wato in sa tsohon a gurbi na biyu don in san lafiyar gurbin kansa, amma ban yi ba, kuma rashin yin sa ya jawo mana wani yinin.

Na ɗora silin biyu a kan farar takarda na karanta 'yar takardar da ke manne a jikin kowanne. Tsohon an rubuta masa 4GB 1Rx8 PC3L-12800S. Sabon kuma 8GB 2Rx8 PC3-12800S. Duk bambancin da ya hana kwamfutar tashi harafi ɗaya ne, wato L.

Wannan layin rubutu ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne katin shaidar ram. PC3 yana nufin zubin ram da ake kira DDR3, kamar yadda PC4 yake nufin zubin da ya biyo bayansa, DDR4. Lambar 12800 gudu ce, ita ce ake kira DDR3-1600, yayin da 10600 take daidai da DDR3-1333. Harafin S na ƙarshe yana nuna ƙaramin sili ne na laftof. Na kwamfutar tebur U ake sa masa, kuma idan aka ga R to na manyan kwamfutocin saba ne, waɗanda ake cirowa daga ɗakunan ajiyar bayanai na kamfanoni, kuma kwamfutar gida ba ta tashi da shi ko da ya shiga gurbin daidai. Masu ƙera ram sun yi dabarar kare mutane daga kuskure, domin a jerin haƙoran kowane sili akwai giɓi, kuma wurin giɓin ya bambanta daga zubi zuwa zubi. Na laftof DDR3 haƙora 204 gare shi, DDR4 yana da 260, DDR5 kuma 262. Na tebur DDR3 yana da 240, DDR4 kuwa 288. Don haka DDR4 ba zai taɓa zama a gurbin DDR3 ba, sai dai a karya wani abu. Amma DDR3 da DDR3L kamar tagwaye suke, haƙora ɗaya, giɓi ɗaya, tsawo ɗaya. Abin da ya raba su ƙarfin wutar da suke sha ne: na farko bolt 1.5, mai L ɗin kuma 1.35. Furosesocin Intel zubi na huɗu na laftof, waɗanda suka fito a 2013, an yi su ne don mai 1.35, kuma kwamfutoci da yawa masu ɗauke da su ba sa tashi idan aka ba su mai 1.5. A jikin kowane sili akwai wata 'yar ƙwaya da ake kira SPD, wadda ke ɗauke da bayanin girmansa da gudunsa da wutar da yake buƙata, kuma ita kwamfuta ke fara karantawa da an kunna ta. Ta karanta ta ga abin da ba za ta iya ciyarwa ba, sai ta tsaya. Akasin haka kuwa ba ya cika kawo matsala, domin mai L yakan yi aiki a tsofaffin kwamfutoci masu ba da 1.5.

Shi ma 1Rx8 da 2Rx8 ba ado ba ne. Yana faɗin yadda aka jera ƙwayoyin da ke jikin silin, kuma a kwamfutocin da suka girmi ta ƙanwata, irin masu Core 2 Duo da Core i zubin farko, yakan zama sanadin ƙin tashi. Silin gig 4 mai ƙwaya goma sha shida, takwas gaba takwas baya, sai ya yi aiki, amma wani gig 4 ɗin mai manyan ƙwayoyi takwas kacal ya ƙi, saboda tsohuwar kwamfutar ba ta san lissafin ƙwaya mai girma haka ba.

Washegari na koma wurin wanda ya sayar mini. Ba zan ɗora masa laifi ba, domin abin da na ce masa shi ne ina son DDR3 na laftof gig 8, shi kuwa abin da ya miƙo mini ke nan. Ya duba takardar ya ce: “Malam, ai da ka zo da kwamfutar da mun gwada a nan, ba sai ka yi sawu biyu ba.” Gaskiyarsa. Ya canza mini da PC3L ba tare da gardama ba. Shawarar da zan ba duk mai niyyar ƙara ram ita ce ya tafi da kwamfutar, in kuwa ba zai yiwu ba ya ɗauki hoton takardar tsohon silin da wayarsa, kuma kafin ya biya ya yi magana a fili cewa zai dawo da shi idan bai yi ba. Yawancin ram ɗin DDR3 da ke kasuwa a yau ciro shi aka yi daga wata kwamfutar, babu kwali, babu takardar garanti, sai amanar da ke tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Na dawo gida na sa sabon a gurbi na biyu, wannan karon kwamfuta ta tashi. Maimakon in bari ta shiga Windows, sai na tsaya a BIOS, wato ɗan shirin da ke zaune a jikin bod wanda yake ƙirga kayan kwamfuta kafin ya miƙa wa Windows ragama. A kwamfutocin HP da F10 ake shiga, a Dell da F2, a ThinkPad na Lenovo da F1, ana dannawa da zarar an kunna. A ganina wannan shi ne mataki mafi amfani a dukan binciken, domin yana raba matsalar gida biyu. Idan BIOS bai ga ram ɗin ba, to ciwon yana jikin ƙarfe ne, ko silin, ko gurbin, ko zamansa, kuma babu wani saiti a Windows da zai warkar da shi. Idan kuwa BIOS ya gan shi cif amma Windows ya ƙi amfani da shi, to a ajiye sukundireba, aikin na manhaja ne. Na sha ganin mutum ya sake ɗora Windows sau biyu a kan matsalar da ba ta wuce rashin zaman sili ba.

BIOS da megabait yake ƙirge, gig 4 shi ne 4096, gig 8 kuma 8192, don haka 12288 nake jiran gani. Abin da ya nuna 4096 ne, kamar ban sa komai ba. Na koma kan gwajin abu ɗaya-ɗaya. Sabon shi kaɗai a gurbin farko ya ba da 8192, lafiyarsa ƙalau ke nan. Tsohon shi kaɗai a gurbi na biyu ya kawo baƙin allo. A nan na gane gurbin ne.

Na haska tocilan waya a cikinsa, na ga ƙura ta yi layi a tsakanin 'yan ƙarafan da ke kama haƙoran ram, ja-ja irin ta hunturunmu. Gurbin farko silin da ke ciki ya rufe masa baki, na biyu kuwa a buɗe yake tun ranar da aka ƙera kwamfutar, fanka tana jawo iska tana bi ta kansa shekara da shekaru. Na kakkaɓe shi da busasshen buroshi mai laushi, na hure da bulowa ta hannu. Ba a hurawa da baki, saboda danshin numfashi yana haɗuwa da ƙurar ya zama laka, kuma ba a zura allura ko tsinke, domin ƙarfe ɗaya ya lanƙwashe an rasa gurbin. Haƙoran silin kuma na goge su a hankali da tsumma mai tsabta da ɗigon sifirit, na bari suka bushe sarai. Wasu masu gyara da kilinar fensir suke gogewa, tana kuma aiki, in dai an kakkaɓe ɓurɓushinta kafin a mayar.

Sai zaman silin, wanda mutane suka fi rainawa. Na laftof a karkace ake zura shi, a daidaita giɓinsa da ɗan tudun da ke cikin gurbin, a tura shi ciki da ƙarfi daidai gwargwado har haƙoran zinariyar su kusa ɓacewa, sannan a danna shi ƙasa har kunnuwan ƙarfe biyu na gefe su kama shi da ƙas. Yana yiwuwa kunnuwan su kama alhali bai shiga har ƙarshe ba, a ido ya zauna, a wajen kwamfuta kuwa babu shi. Da na yi haka na kunna, BIOS ya rubuta 12288.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Da Windows ya buɗe na shiga shafin bayanin kwamfuta, sai na ga ya rubuta an sa gig 12, amma wanda ake iya amfani da shi gig uku ne da ɗoriya. Layin da ke ƙarƙashinsa ya ba da amsa: Windows ɗin da wani ya ɗora mata tun kafin ta zo hannunmu mai bit 32 ne, alhali furosesar tana ɗaukar mai bit 64. Dalilin lissafi ne. Kowane bait a cikin ram sai da adireshi ake isa gare shi, kamar gida a unguwa, kuma lamba mai bit 32 ba ta iya ƙirga adireshi fiye da 4,294,967,296, wato gig 4. A cikin waɗannan ma sai an yanka wa sashen hoto da sauran kayan kwamfuta nasu, shi ya sa abin da ke saura yake tsayawa wajen gig uku zuwa uku da rabi. Ma'anar haka ita ce ko gig 4 ɗinta na asali ba ta taɓa morarsa duka ba, kuma da na duba wannan layin tun ranar farko da na san aikin da ke gabana. Babu maɓallin da ake dannawa mai bit 32 ya koma 64. Dole a kwashe takardu, a goge, a ɗora sabo. Muka kwafe aikinta a filasha biyu, ta kuma aika wa kanta babi-babin ta imel, sannan na ɗora Windows 10 mai bit 64. Windows 11 bai sa furosesar zubi na huɗu cikin waɗanda yake karɓa ba, shi kuma Windows 10 tallafin da aka saba ba shi ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025, don haka na ja mata kunne a kan abin da take saukewa daga intanet da filashar da take karɓa a makaranta.

Akwai wasu abubuwan a ɓangaren Windows da kan kawo irin wannan alamar ko da mai bit 64 ne. A cikin msconfig, wato shafin saitin tashin Windows, ƙarƙashin Boot sannan Advanced options, akwai akwatin Maximum memory wanda wasu ke cikawa da tunanin zai ƙara gudu, alhali iyaka yake sa wa ram. A cire alamar a sake kunnawa. Masu tsohon Windows 7 kuma su sani samfurin Starter gig 2 ne iyakarsa, Home Basic 8, Home Premium 16. Amma idan 'yan ɗaruruwan megabait ne suka ɓace, wannan ba ciwo ba ne, domin kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban daga ram take gutsurar abin da take zana allo da shi.

Mai kwamfutar tebur yana da 'yan ƙarin wurare da zai leƙa. A bod mai gurbi huɗu, sili biyu galibi a na biyu da na huɗu ake sa su idan an ƙirgo daga furosesa, littafin bod ɗin kuma yana faɗa. Idan BIOS ya rikice bayan canjin, cire ɗan batirin CR2032 mai kama da kwabo na 'yan mintoci yana mayar da shi saitin asali. Ƙarfe ɗaya da ya lanƙwashe a mazaunin furosesa yana iya kashe gurbi biyu a lokaci guda, tun da a kwamfutocin zamani furosesar ce da kanta take magana da ram. Sabon bod mai DDR5 kuma yakan ɗauki mintoci allo yana baƙi a kunnawar farko yana auna silin, wanda bai sani ba sai ya kashe da wuri ya ce bai yi ba. Idan kuwa an tsabtace gurbi, an gwada sili biyu masu lafiya duk ya ƙi, to gurbin ya mutu da gaske, amma ko a nan kwamfutar ba ta zama shara ba, domin ana iya sa babban sili ɗaya a gurbin da ke aiki, gwargwadon abin da samfurin yake ɗauka.

Ganin lamba a allo bai wadatar da ni ba, tun da ram na hannu yana iya nuna cikakken girmansa amma yana da ƙwayar da ke kuskure, wadda sai ana tsakiyar aiki za ta jawo shuɗin allo ko ta ɓata fayil. Da aka kawo wuta da daddare na sa manhajar MemTest86 a filasha na tashi kwamfutar da ita, na bar ta tana rubutu da karantawa a kowane lungu na ram ɗin har asuba. Windows ma yana da nasa ɗan gwajin, ana kiransa da rubuta mdsched, ko da yake bai kai wancan zurfi ba. Da safe na tarar ta gama zagayenta babu kuskure ko ɗaya. Haɗa gig 4 da gig 8 ba shi ne mafi kyau ba, domin sili biyu masu girma ɗaya sun fi tafiya kafaɗa da kafaɗa, amma furosesar Intel tana haɗa gig 4 na wannan da gig 4 na wancan su yi aiki tare, ragowar huɗun kuma su yi nasu su kaɗai, kuma ga mai aikin alƙaluma da rubutu bambancin bai kai a damu da shi ba.

Na buɗe mata Task Manager, shafin Windows da ke nuna yadda ake amfani da ram, ta gani da idonta: gurbi biyu cikin biyu, gudu 1600, ram gig 11.9. Ta buɗe manhajar lissafinta da babi na huɗu da shafukan intanet ɗinta gaba ɗaya, layin ram bai kai rabi ba. Kafin in ɗaure notin murfin na ƙarshe na yanki 'yar takarda na rubuta PC3L-12800S, 1.35, na manna ta a cikin murfin daga ciki, saboda duk wanda zai sake buɗe kwamfutar nan gaba ya gani kafin ya tafi kasuwa.